Baba Kifa-ta, Mai Nuna Cikin Kwamfuta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in dai ba doguwa ba ce.

Tana da ɗan tsawo, ku gyara zama. Mai ita yana nan da ransa, kwanan nan ya ajiye aiki, shi ya sa na ce bari a yabe shi tun kunnensa na ji.

Kowace safiya, kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share gabansa, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan teburi, ya jera sukundirebobi tun daga babba har ɗan mitsitsin da bai fi tsinken sakace ba. Shagon a ƙarƙashin matakalar bene yake, in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a waje yana leƙe. Da gyaran rediyo ya fara yana saurayi, ya koma wayoyi, har kwamfutocin cinya suka zo suka tarar da shi a wurin, yana gyarawa, yana kuma sayar da na hannu. Kowa Baba Kifa-ta yake ce masa, don duk wanda ya zo yana yabon fuskar kwamfuta, amsa ɗaya yake samu: "Kifa ta mu ga cikinta."

Kuma ba shi zai kwance ba. Kai mai saye zai miƙa wa sukundireba, ka kwance murfin da hannunka, ko babbar riga ka sa. Wasu su yi fushi su tafi. Bai taɓa bin kowa da lallashi ba.

Wata rana wata yarinya ta shigo, 'yar wata mai ɗinki, ta samu gurbin karatun zanen gine-gine. Kawunta direban tasi ne ya kawo ta, shi ya ɗauki nauyin sayen, kuma tun daga bakin ƙofa idonsa ya faɗa kan wata siririya mai sheƙi.

"Baba, waccan za ka sauko mana da ita. 'Yar ƙanwata ba za ta shiga makaranta da abin kunya ba."

"Kyakkyawa ce, ba musu," in ji Baba. "Me za ki yi da ita, 'yata?"

"Zanen gidaje, Baba."

"To kifa ta."

Yarinya ta kifa ta, ta kwance murfin. Baba ya nuna mata wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa da bakin sukundireba. Ya ce wannan shi ne ram, shi ne faɗin teburin da kwamfuta ke aiki a kai, kuma na wannan an liƙe shi da dalma, yadda aka haife ta haka za ta tsufa. Sai ya sunkuya ya jawo wata baƙa mai kauri daga ƙarƙashin teburi.

Kawu ya yi tsalle. "Haba Baba! Wannan ai waigin mota ce. In na tsaya a gangara ita zan sa wa taya."

"Ka sa mata, ba abin da zai same ta. Kifa ta, 'yata."

A cikin wannan akwai gurbin ram biyu, ɗaya da abu, ɗaya fanko. Baba ya sa ta zare na cikin ta mayar, ta sake zarewa ta mayar, har sai da ta ji ƙas ɗin da yake yi in ya zauna daidai. Sannan ya nuna mata katin hoto, mai ɗaukar nauyin zane. Ya ce, "Shi wannan ba zan yi miki ƙarya ba, a yawancin kwamfutocin cinya ba ya ciruwa, don haka tun farko ake zaɓen mai nata katin daban, kamar wannan. Ga kuma kafa a gefenta, ran da kika yi ƙarfi kya sayi kati babba a akwatinsa ki jona."

Da Kawu ya ji ita ce ma mai arhar, sai ya ƙara tsarguwa. "Kai wane irin ɗan kasuwa ne? Ana miƙo hannu ga mai tsada kana tura mai arha?"

"Irin wanda ba ya son a dawo a zage shi a gaban maƙwabta."

Haka suka tafi da Waigi, Kawu na gunguni har mota. A makaranta ma sunan ya bi ta, ƙawaye na tambayar yarinya ko da ɗan dako take zuwa aji.

Kai ne, Baba, mai hana ciniki don a samu alheri. Mai sayar da caja na kusa da kai ya ce ya gaji da ganin kana korar riba da hannunka. Kai ne ka sa malamai da 'yan kasuwa da matan aure suka riƙe sukundireba, suka daina jin tsoron abin da suka saya da guminsu.

To, shekaru suka tafi, yarinya ta kai ajin ƙarshe. Aikin kammala karatunta zanen asibitin haihuwa ne, hawa hawa, har da tagogi da inuwar bishiyoyi. Ana gab da ranar gabatarwa a gaban malamai, Waigi ta ce ba ta san zance ba. Da an buɗe zanen sai ta sandare, fanka na kuka, hoto ya ƙi motsi. In ba ta gabatar ba sai ta maimaita shekara, keken ɗinkin uwarta kuwa ba zai iya jan wata shekarar ba.

Kawu ya figo ta a tasi zuwa shago, suka tarar da kwado. Mai caja ya ce an yi wa Baba aikin yanar ido, yana gida. Suka nufi gidan da rana tsaka.

Baba na kishingiɗe a falo, ido ɗaya a naɗe, ɗayan ma hazo kawai yake gani. Matarsa ta tare ƙofa. "Likita ya ce kada ya sunkuya, kada ya ƙura wa komai ido."

"Ido aka hana, Hajiya, ba a hana baki ba," in ji Baba daga ciki. "Wa ke nan?"

"Mai Waigi ce, Baba." Yarinya ta faɗi abin da ya faru.

"Teburinta ne ya yi mata kaɗan. Direba, karɓi makullin shago wurin Hajiya. Gwangwanin madarar da nake tara ram na kan kanta ta sama, ka kawo shi gaba ɗaya, kada ka tsaya ɗaukar fasinja."

Da gwangwanin ya iso, Baba ya sa yarinya ta karanta masa rubutun jikin kowane ram har aka kai ga wanda ya dace. Sai ta tsaya cak. "Baba, duk aikina yana cikinta. In na lalata fa? Mu jira idonka."

"Idona ba zai warke kafin malamanki su zauna ba. Wa ya kwance ta ran da aka saye ta?"

"Ni ce."

"To hannun nan bai canza ba. Kashe ta, cire batir, taɓa ƙarfen taga tukuna, kada lantarkin jikinki ya ƙona ram. Hajiya, ba ta faranti ta zuba sukurori, kada kafet ya haɗiye su."

Kawu ya tsuguna yana haska mata da waya duk da rana ce. Ta kwance murfin, ta karkata ram ɗin ta zura a gurbin da ke fanko, ta danna.

Ƙas!

"Na ji shi," in ji Baba. "Rufe ki kunna."

Ta kunna, ta buɗe zanen. Asibiti ya miƙe a kan allo, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, yana tafiya sumul. Kawu ya daka tsalle har ya kusa kifar da farantin. "Waigi! Wallahi ban taɓa raina ki ba!"

"Kai Direba, ji tsoron Allah," in ji Hajiya, wadda ta san labarin Waigi tun tuni, tana dariya tana share hawaye.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ƙara wa idon nan haske. Ku kuma masu shago, ku koya wa mai saye abin da ya saya, ba zai rage muku komai ba. Masu saye, ku tambayi abin da za a iya ƙarawa gobe kafin ku yabi sheƙin yau.

Yarinya ta gabatar da aikinta ta ci, yanzu tana zane a wani ofishin magina, ta kuma sayi babban katin nan a akwatinsa ta jona. Uwarta ta rage ɗinkin dole, sai wanda ta ga dama. Kawu na nan da tasinsa. Shagon ya koma hannun 'yar Baba ta biyu. Shi kuwa idonsa ya buɗe, yana gida yana kiwon tantabaru, Hajiya na faɗan sun ɓata mata igiyar shanya.