Kwamfutar Malam Zailani da Fatar Akuya

Har yau in an zauna a dakalin masallacin Ƙofar Gayan, sai an tuna ranar da Malam Zailani mai buga takardu ya tare Ladan Bala, wai ya kira azahar kafin lokaci.

"Wa ya gaya maka?" in ji Ladan.

"Kwamfuta. Yanzu ma ta ce sha ɗaya da kwata."

Ladan ya shekara talatin yana auna rana da tafin ƙafarsa. Ya bi shi shago, jama'a na biye. Ya sunkuya ya leƙa gilashin.

"To, lokaci mun gani. Karanto mana shekarar da ta ce muna ciki."

Zailani ya duba, ya yi gyaran murya. "Alif ɗari tara da tamanin."

Ana cikin casa'in da bakwai, kun ji fa.

"Madalla," in ji Ladan. "Ashe ko aure ba ka yi ba. Maza ka mayar da Mairo gidansu, ka dawo mu yi walaha."

Zailani ɗan gidan maɗinka ne, masu aikin babbar riga tun kakanni. Shi kuwa allura ta fi son yatsansa da yadi. Da ubansa ya gaji da wanke jini a rigunan mutane, sai ya tura shi koyon tafireta. Shekara ashirin ya yi a gindin darbejiyar bakin kotu yana buga koke da yatsu biyu, kamar kaza na tsattsagar gero. Wanda aka ci wa gona, shi ke rubuta masa. Wanda ya ci gonar ma shi ne, bayan la'asar.

Da wani ofis ya rufe a Kaduna, Zailani ya ɗauko tsohuwar kwamfutarsu, irin wadda kamfani ke haɗawa ya rufe abarsa ruf. Ya kama shago, ya sa aka rubuta sunansa a bango da shuɗin fenti. Kullum sai ya goge ta da bakin rawani. Mairo kanta ba ta taɓa samun wannan gata ba.

Rabin cinikinsa malaman firamare ne masu ƙaro karatu, kuma Malama Safiyatu ce ke jawo su. Mace ce guntuwa, amma in ta buɗe baki a aji, har 'yan makarantar da ke maƙwabtaka sai sun nutsu. Wata Litinin ta kawo rabin aikinta na kammala digiri a faifan kwamfuta, a ƙarasa a buga. Kwamfuta ta yi nishi, ta yi gurnani, ta ƙi buɗewa.

"Malam," ta ce, "Juma'a zan miƙa. In Alhamis ta yi ban ga takarduna ba, wurin mai buga takardu na Tudun Jukun zan koma. Kuma ka san ba ni kaɗai nake tafiya ba."

Ya sani. In malamai suka bi ta, sai dai ya koma gindin darbejiya.

Ya kira Injiniya Mustapha daga Wusasa, saurayi mai jaka cike da sukudireba. Mustapha ya kwance akwatin, ya nuna masa wani koren allo a ciki, wanda komai ke maƙale a jikinsa.

"Baba, wannan shi ne madabod. Ya tsufa, sabon aiki ya fi ƙarfinsa. Ina da wani. Amma akwatin nan kamfani ya ƙera shi don nasa allon kaɗai. Ramukan noti ba za su haɗu ba, bayan ma ba zai dace ba. Sai an kawo wani akwati daga Kaduna mako mai zuwa."

"Mako mai zuwa? Bar min allon. Ƙarfe ne fa. A birnin nan ƙarfe ya taɓa gagarar mutane?"

Washegari ya ɗora akwatin a keke sai maƙera, wurin Bahago, wanda ke ƙera murhu da ƙyauren shago. Bahago bai taɓa ganin cikin kwamfuta ba, amma bai taɓa cewa bai iya abu ba. Ya sa kurfi da guduma ya fasa bayan akwatin, ya huda sabbin ramuka, ya kwantar da allon a kan ƙarfe, ya ɗaure shi tamau.

"Ko jaki ya ja, ba zai motsa ba," in ji shi.

Bai motsa ba kuwa. Da aka kawo wuta aka kunna, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Zailani ya tofa mata addu'a. Shiru. Ya ɗan mare ta a gefe. Shiru.

Mustapha ya zo ranar Laraba, ya leƙa, ya dafe kai.

"Innalillahi! Baba, wa ya manna shi da ƙarfe? Bayan allon nan duk hanyoyin wuta ne. Allah ne ya tsare bai ƙone ba. Akwai 'yan ƙafafu da ake sa masa ya ɗago, kuma ba za su zauna a ramukan maƙerinka ba, ɗan yatsa ma sai ya wuce."

"Abin da ake so dai kada ya taɓa ƙarfe?"

"Shi ke nan."

"Zauna ka sha fura."

Zailani ya zaga lungu wurin Ɗahiru baduku. Ya sa ya yanko masa jar fatar akuya, ƙanana ƙanana kamar kwabo, ya huda tsakiyarsu. Ya dawo ya jera uku uku a kan kowane rami, ya ɗora allon, ya ce wa Mustapha ya ɗaura a hankali. Mustapha na ɗaurawa yana salati.

Aka kunna. Ta yi ƙara ɗaya, gilashi ya kawo haske, aikin Safiyatu ya buɗe har da jadawalinsa.

Aibi ɗaya ne. In ta ɗauki zafi, shagon duka sai ya gauraye da warin jima. Safiyatu ta karɓi takardunta ranar Alhamis da hantsi, hannu ɗaya a hanci. Ta ƙirga shafuka, ta harare shi don kada ya saba, ta ce malamai huɗu na nan tafe ranar Asabar.

Mustapha dai abin bai kwanta masa ba. Bayan ta fita ya zaro littafin da ya zo tare da allon, ya buɗe a gaban masu zaman shago.

"Baba, gaskiya wannan ba aiki ba ne. Ga littafi, ga zane. Nuna min inda aka ce fatar akuya. Mutanen da suka ƙera abin nan sun shekara suna karatu."

"Sun yi karatu," in ji Zailani, yana goge gilashi da bakin rawani.

"To, ka fi su sani ne?"

"Ban fi su ba, Injiniya. Amma wanda ya rubuta littafin nan bai san Malama Safiyatu ba. Da ita ta ba shi zuwa Alhamis, da ka ga baduku a shafin farko."