Akuyar da Na Kai Dutse Uku

Shin maigidana ya daina jin tsoro ne da gaske, ko ɓoye mini ya yi ta yi har ya koma ga Ubangiji? Na tambayi fasto, na yi addu'a, har yau ban sani ba. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, in kuka ya zo sai a jira ni.

Lokacin da muke zaune a unguwar Congo-Russia, maigida ba ya yanka akuyar Kirsimeti da hannunsa. Maƙwabcinmu yake kira, wani Malam tela, ya yanka, don Musulmin layinmu su iya cin naman. Sai rikici ya zo, aka kashe ƙanena. Muka koma Gada Biyu cikin Kiristoci, Malam ya koma Dutse Uku cikin Musulmi. Na ɗauka shi ke nan.

Kirsimeti na zagayowa, sai ga maigida yana ɗaura wa akuya igiya.

Na ce, "Baban yara, ina zuwa?"

Ya ce, "Wajen mai yanka mana."

"Wuƙa ta ƙare ne a gidan nan?"

"Wuƙa tana nan, Mama. Masu taya mu ci ne ba sa nan."

Na tuna masa da ƙanena. Ya ce Yesu bai ce a ƙaunaci maƙwabci sai ranar da gari yake lafiya ba. Haka ya riƙa tafiya duk shekara, ni ina bakin ƙofa har ya dawo da rabin nama. Ban taɓa bin sa ba. Da farko ko naman ba na ci.

Bara ya sayi akuya, sai ciwo ya kwantar da shi. Muka binne shi ana dab da Kirsimeti.

Ni na kai akuyar. Mai keke ya sauke ni a bakin layi, ina jan ta tana ja na, mutane suna kallo. Malam ya riga ya ji labarin rasuwar. Ya tsufa, ba ya gani sosai. Ya shafa bayan akuyar ya ce, "Marowacin nan, har ya tafi ramammiya yake saye." Sai ya fashe da kuka. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kunu, na sha. Ba zan ce zuciyata ta yi sanyi ba. Na gaji ƙwarai, kuma ban san ko ƙafata za ta kai ni bana ba.

'Ya'yana sun yi mini faɗa, wai me ya sa ban aike su ba. Ba sa nan a asibiti ranar da babansu ya riƙe hannuna, muryarsa da ƙyar take fita, ya ce:

"Mama, kar ki aiki yara. Ki je da kanki. In sun ba ki abin sha, ki sha."