Wagga Ai Matar Garba Ta

Washegarin ƙaramar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, wani mai bidiyo ya zo Danwarai daga Jega, ya ɗauro talabijin da ɗan janareto a bayan babur. Bayan la'asar aka toshe ƙofar zauren maƙwabtanmu da tabarma, maza suka hau benci, mu yara muka zube a ƙasa da kayan Sallarmu. Wani tsohon fim ne na Turawa, na ban dariya, kalarsa duk ta koɗe. Jirgin sojojin ruwa ne ya tsaya a wani tsibiri, ɗayansu, wani dogo mai faffaɗan kunne, ya kamu da son wata 'yar garin. Babu mai jin yarensu. Mahaifina Garba, wanda ya yi aikin sojan ruwa kafin ya dawo noman albasa, shi ke yi wa mutane bayani, ana ta ba shi girma.

Mahaifiyata daga bakin teku ya auro ta, can ƙasar Kamaru. Ta musulunta, ta koyi Hausa, ta iya tuƙa tuwon dawa, ta yi surfe har hannunta ya yi kanta. Ni da ita muke ɗebo ruwa, mu zauna gindin rumbu muna tsince ruɓaɓɓiyar albasa, tana koya mini waƙoƙin garinsu. Abu ɗaya ya gagare ta, ɓoye sunan miji. A wurinsu mace da sunansa take kiran mijinta, shi ma lokacin da suke can bai taɓa hana ta ba. A nan kuwa, ko "maigida" ta yi niyyar cewa, in ta ruɗe sai a ji "Garba!", ko da a gaban kakata ne.

Ana cikin kallo sai ga yarinyar fim ɗin tana bin sojan cikin kasuwa tana ƙwala masa kira, shi kuma yana ɓuya bayan kwanduna. Wani mahauci daga can baya ya ce, "Wagga ai matar Garba ta!" Zaure ya kece da dariya. Na waiga in ga abin da Baba zai yi. Dariya yake, har da buga cinya. Na tashi na fita, ban ga ƙarshen fim ɗin ba.

Daga wannan rana sunan Baba ya zama abin wasa. A makaranta 'yan mata suka sa shi cikin waƙar gaɗa, in na shigo fili a ja murya a ce "Garbaaa", a tafa. A bakin rijiya manyan mata ma haka suke yi wa uwata. Da ta kai wa Baba kuka, cewa ya yi, "Wasa na, ki ƙyale su." Kakata kuwa ta taɓe baki ta ce, "Kihi ga ruwa sarki na, wa ac ce ta hito tudu?" Sai ta daina kiransa da kowane suna, daga baya ta daina zuwa rijiyar. Kafin damina ta faɗi ta shiga motar albasa mai zuwa kudu. Ta so tafiya da ni, dangi suka ce ɗiya ta uba ce. Ba ta dawo ba, kuma har yau ban yafe wa zauren nan ba.

Yanzu ina aure a Aliero. Kwanakin baya ɗana ya lalubo mini fim ɗin a waya, na zauna na kalla har ƙarshe. Ashe sojan barin jirgin ya yi ya zauna a garin yarinyar. Shi ya koma yana kwaɓa yarenta, shi ake yi wa dariya, yana riƙe da hannunta, ko a jikinsa. Baba ya tsufa, yana ba jikoki labarin teku da jirage, uwata kam ba ta cikin labarin. Amaren yau kuwa da sunan miji suke kira a waya a tsakar gida, babu mai ko waigowa. Uwata da wuri ta zo, kuma ba ta sami mai tsaya mata ba.