Gonar da Baba Ya Ba Ni da Ransa

Baba ya ba ni gonarsa ta bakin kanal ɗin ban-ruwa tun yana da ƙarfinsa, lokacin babu mai bin sa ko sisi. Ya tara liman da mai unguwa da yayyena maza biyu, waɗanda ya riga ya ba su nasu a Kadawa, ya ce, "Ku shaida, wannan ta 'yata ce, kyauta." Liman ya ja masa kunne, ya ce kyautar da mai ita bai cire hannu ba har ya mutu, gado za ta koma.

Baba kuwa ba ya abu rabi-rabi. Daga ranar bai sake sa fartanya a gonar ba, ya koma noman haya a wajen Bunkure. Ni nake ɗaukar 'yan ƙwadago, ni nake biyan kuɗin ruwa, ni nake rigima da masu tare mini ruwa daga saman kanal. Ko tumatirin miya yake so, sai ya aiko a tambaye ni. Abin da ya rage masa kawai zama a gindin mangwaron da ke bakin gonar da la'asar.

Zaman nan ne ya ruɗi wani dillalin tumatir daga Kura, ya ɗauka gonar ta Baba ce. Ya liƙe masa, Baba sama Baba ƙasa, yana ba shi taki da iri da magani, wai a biya in an yi ɗiba. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ma sai ya ƙara masa, bai taɓa tambayar kuɗinsa ba. Muka yi ta sa masa albarka, mun manta ruwa ba ya tsami banza.

Sai da ciwo ya kwantar da Baba sannan dillalin ya nuna halinsa. Ya tsaya a zaure yana ɗaga murya don maƙwabta su ji, wai a gaya wa tsoho ya sallama gonar bakin kanal tun kafin ƙasa ta rufe masa ido da haƙƙin mutane. Ina zaune kusa da Baba da kofin kunu a hannuna. Baba ya juya fuskarsa bango. Wannan juyawar har gobe ban yafe ta ba.

Ciwon nan shi ne ajalin Baba. Bayan sadakar bakwai dillalin ya kai mu kotu, yana taƙama da cewa bashi ake fara biya kafin a raba gado. Alƙali ya tambayi wa yake noman gonar. Liman ya ce ni, mai unguwa ya ce ni, har mutumin da muka fi shan rigimar ruwa da shi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai matar nan ta hana mu sakat tun ubanta yana da rai." Aka ce gona ba ta cikin abin da mamaci ya bari. Aka sayar da injin ban-ruwan Baba da sansa na huɗa, aka ba dillali, amma da saura.

Da ya ga gona ta kuɓuce masa, sai ya gyara babbar riga, ya dubi jama'a ya ce ya yafe sauran saboda Allah. Har an fara yi masa kabbara na miƙe.

"Alhaji, wa ya roƙe ka?" na ce. "Ni zan biya. Ka tozarta ubana yana kwance, sannan ka ci ladan yafe masa? Wallahi ba za ka samu ba."

Ɗibar farko na sayar wa abokin hamayyarsa, na kai masa kuɗinsa ranar kasuwa a gaban 'yan kwandon tumatir, na tsaya a kansa sai da ya furta da bakinsa cewa ba ya bin ubana komai. Yanzu in mun haɗu a hanya shi yake fara gaishe ni. Ina amsawa, don ba a yi mana tarbiyyar ƙin amsa gaisuwa ba, amma iyalinsa ban taɓa tambayar lafiyarsu ba.