Motar Da Inna Ta Cinye

Duk wanda ya zauna unguwar Gamkalle ta Yamai a shekarun da sojoji ke riƙe da mulki ya san Tanko kuku. In ma bai san fuskarsa ba, ya san motarsa. Wata ƙatuwar kat-kat ce fara mai ratsa daji, mai kujerun fata da kilima mai hura sanyi, irin wadda a Yamai sai manyan gwamnati da Turawan agaji ke shiga. Ta cinye rabin tsakar gidan da yake haya, har matarsa Rebeka sai ta karkace kafin ta wuce zuwa murhu.

Tanko ɗan Tudun Kalgo ne, wani ƙauye can bayan Dogon Dutsi. Yana saurayi ya bar gida, a zaune bisa buhunan wake a bayan babbar mota. Mahaifiyarsa ta rako shi bakin hanya. Da motar ta soma gurgurawa sai ya ɗaga murya:

"Inna, ran da zan dawo da gaske, cikin tawa motar zan zo, har ƙofar ɗakinki!"

Ta ce, "To ka danna oda tun daga nesa, in kore kajina daga hanya."

Wasa ta yi, shi kuwa ya riƙe. Ita ma daga baya ta riƙe. Duk zuwan da ya yi ganin gida cikin motar haya, kafin ma ta amsa gaisuwarsa sai ta kanga hannu a kunne ta ce, "Yau ma ban ji oda ba."

A Yamai ya samu aikin girki wajen wani Bature mai haƙa rijiyoyi. Ya daɗe da shi, suna yawon daji tare, nan ya koyi tuƙi har ya samu takardar izini. A shekarar 1984, da damina ta ƙi, aikin Baturen ya tashi. Ran da zai koma ƙasarsu ya miƙa wa Tanko makullin kat-kat da takardunta, an juya su da sunansa, ya ce ladan zaman tare ne.

Tun ranar farko motar ta fara nuna masa tsadarta. A shingen da ke kan hanyar gida wani mai kaki ya leƙo, ya dubi kujerun, ya dubi silifas ɗin Tanko.

"Ina mai motar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Sana'a?"

"Kuku."

"Kuku? Me kake dafawa, zinariya?"

Lokacin kowa na tsoron a ce masa ya yi arziki da hatsin agaji. Sai da suka karanta takardun gaba da baya, rana na dukan kansa, sannan suka ɗaga masa sanda.

Maƙwabcinsa Sumana, Bazabarme mai lambu a bakin kogi, shi ya fara zagaye ta yana tafa hannu. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ba ta hana shi tsokana.

"Fofo, Tanko! Wannan ba mota ba ne, giwa ne. Kai ka san abin da giwa yana sha?"

Bai daɗe ba ya sani. Man gazuwal take zuƙa kamar ƙasar rani ta samu ruwa. Ga asiransi, wato inshora, ga takardar haraji ta shekara da ake mannawa a gilashi. Shi kuwa yanzu teburin shayi da soyayyen ƙwai gare shi a gefen kasuwar Katako. Wani ɗan kasuwa ya taya motar tayi mai kyau, Rebeka ta ce a sallama.

"Baban Marta, mu da muke auna shinkafa da gwangwani, me ya haɗa mu da abin ministoci?"

"Ta taka ƙofar Inna tukuna. Sau ɗaya tak. In mun dawo, ko washegari a sayar."

"To mu tafi gobe mana."

Nan gizon yake. A Tudun Kalgo, wanda ya zo cikin motar kansa ba a shigar da shi gida sai an buɗe bayan motar a gaban jama'a. Kowane gida zai aiko da ƙwarya, kuma ba a mayar da ƙwarya wofi. A shekarar ƙoshi, gishiri da sabulu da sukari sun isa. A wannan shekarar babu mai son sabulu. In ya tsaya da wannan ƙatuwar a ƙofar Inna, garin da ke kwana da yunwa ya taru, a buɗe baya a ga wayam, ita za a bari da kunyar har ƙarshen ranta. Abin da yake samu kuwa, in ya cika tanki bai cika baya, in ya cika baya bai cika tanki.

Sai ya zauna jira. Kowace Lahadi in sun taso daga majami'a yakan wanke ta da ruwan da ya ɗebo daga kogi, ya tada injin na ɗan lokaci. Rebeka da 'yarsu Marta su shiga baya, a rufe ƙofofi, a kunna kilima. Shi kuma ya kama sitiyari yana faɗin garuruwan hanya: ga Doso, ga kwanar Bolbol, ga duwatsun Dutsi sun bayyana. Bai taɓa danna odar ba. Ya ce ta Inna ce.

Ana nan sai Mumuni, direban babbar motar da ke bin hanyar Dutsi, ya tsaya a teburin shayi. Ya sha rabin kofi kafin ya yi magana.

"Na ga tsohuwa. Tana gaishe ka. Ta ce kar in faɗa maka, amma anza suke jiƙawa suna ci."

Tanko ya san anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana ana sauya musu ruwa kafin su ciwu. Da yamma ya kwance tayar safaya, ya gangara da ita Katako, ya dawo da buhun gero, ya ɗora wa Mumuni.

Ya ce wa Rebeka, "Safaya ce kawai. Mota na tafiya ba ita."

Bayan safaya sai rediyon motar. Bayan rediyo sai kilima, sai kujerun baya, waɗanda wani mai shagon aski ya saya. Duk abin da ya fita, buhu ne ke hawa motar Mumuni, wani lokacin gero, wani lokacin jar dawar nan ta agaji da ke ɓullowa a kasuwa. Inna kuwa ba ta iya ci ita kaɗai, rabin unguwa ke ci tare da ita, shi ya sa buhu bai daɗewa.

Rebeka ta ce, "Da ka sayar da ita ɗungurungum, da ka ciyar da garin gaba ɗaya. Yanzu kana yanka ta kamar tsire, suna saye a wulaƙance."

"Abin da na cire ina iya sayowa in mayar. In ta tafi gaba ɗaya, wa zai dawo min da ita?"

Rebeka ce ma ta riƙe masa fitila ran da ya cire batir, don cikin injin da duhu ko da rana. Daga wannan makon Gamkalle ta daina jin ƙugin Lahadi. Tayoyin su ne na ƙarshe. Sumana ya taya shi ɗora motar bisa duwatsu, wannan karon bai yi tsokana ba, sai cewa ya yi, "Kala suru, Tanko. Sai haƙuri."

Da bazara ta tsananta, kogi ya janye har mutane na ƙetare shi da ƙafa, rijiyar Tudun Kalgo ta ƙafe. Wata ranar da hantsi Mumuni ya sauke Inna a ƙofar gidan, da ƙullin kayanta da sandarta. Ta rame har zanen ya yi mata yawa. Tanko ya durƙusa zai gaishe ta, ta wuce shi, ta nufi motar.

Ta zagaye ta a hankali tana shafawa. Ta duƙa ta dubi duwatsun. Ta leƙa baya, inda wata kaza ta Rebeka ke kwanci.

"Ita ce?"

"Ita ce, Inna."

"Ina ƙafafunta?"

Tanko ya sunkuyar da kai. Mumuni ya yi tari ya juya baya.

Inna ta ce, "Au. Ashe su na ci. To wallahi ƙafar baya ta fi daɗi, gero ce. Ta gaba jar dawa ce, sai da ta ɗaure min ciki."

Rebeka ta tuntsire da dariya har ta zauna a ƙasa, tana yi tana share ido da bakin zane.

Kujerar gaba ta rage, ita Inna ta mayar wurin zamanta. Kullum da safe Tanko zai ɗaga ta ya ɗora, ta wuni a nan ƙofa a buɗe, tana tsinke zogalen da Sumana ke kawowa daga lambu, tana duban fuskarta a madubin gefe. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin madubin da ke nuna mutum da abin da ke bayansa a lokaci guda ba.

Wata rana Sumana ya shigo yana nishi, rungume da batir ɗin da ya aro wajen wani mai taksi.

"Inna, yau kin ji oda! Tanko, buɗe hancin giwa."

Tanko ya miƙe. Inna ta ɗora tafinta a tsakiyar sitiyari ta rufe wurin.

"Mayar musu da abinsu, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Nan ƙofar Rebeka ce. Ni a ƙofata aka ce."

"Inna, ba ta da taya," in ji Tanko.

"Na sani, ba ni na cinye ba? Ai ban ce yau ba."

Da ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, Inna ta ɗaure kayanta. Ta ce ba za a yi shuka tana zaune cikin ƙarfe ba. Aka yi aka yi ta ƙi. Da Mumuni ya iso, ta tsaya a gefen kat-kat ta nuna madubin da sandarta.

"Kwance min wannan."

"Me za ki yi da shi, Inna?"

"In aka tambaye ni ina motar Tanko, in ce ga kunnenta na riƙo, sauran na tafe."

Tanko ya kwance ya naɗe mata a tsumma. Ya ɗaga ta ya sa a gaban babbar motar, kusa da Mumuni, ya tsaya a bakin hanya har ƙarar injin ta ɓace.

Shekarun da suka biyo an samu damina, amma taya irin ta wannan motar ba ta yi arha ba. Tanko ya sayo ɗaya, ta hannu, ya ajiye ta cikin ɗaki don kar rana ta fasa ta. Marta ta shiga makaranta, kuɗin taya ta biyu suka tafi a nan. Bai daina wankin Lahadi ba.

Duk sanda Mumuni ya tsaya shan shayi, Tanko ba ya tambaya, sai dai ya ƙara masa madara ya jira.

"Madubinka na nan rataye a ƙofar ɗakinta," in ji Mumuni. "Matan garin duk a nan suke ɗaura kallabi. Ni kuma ta hana ni sakat. Da ta ji ƙugin motata daga nesa sai ta fito da sanda tana korar kaji. In na iso ta dube ni ta ce, au, kai ne."

Tanko ya juya ya fasa ƙwai a kasko, ko da yake babu wanda ya ce a soya.