Kujerar da Aka Ajiye wa Mudir Mukhtaru

A unguwar Mansur, can ƙasa mai tsarki, aka haifi Mukhtaru, a wani lungu da hayaƙin tsire ba ya yankewa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji, zaman da bai koma ba ke nan. Shi kuwa jikan shekara goma sha takwas ya yi yana koyar da lissafi kafin a ba shi mudir, wato shugaban wata firamaren maza a unguwar Aziziyya. Kuma ya riƙe ta, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Kafin a buga ƙararrawa yana bakin ƙofa, yara ɗari huɗu duk ya san sunan uban kowannensu.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Baƙo zai shigo ofis, ya kalli baƙar fuskarsa, ya waiga, ya tambaye shi ina mudir ɗin. Wani ma ya taɓa aikensa ya kawo shayi. Tun daga nan gogan naka ya ɗaure fuska, ya ƙara wa tufafinsa sitaci, Hausa kuwa a mota yake barinta sai an tashi.

To, akwai Malam Ja'afaru, dattijon da ya koya masa karatu tun daga Fatiha har sauka. Duk Juma'a Mukhtaru kan je gaishe shi, kuma tun yana yaro bai taɓa gaishe shi a tsaye ba. Takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, dattijon ya dafa kansa ya ce Muntari, Allah ya yi albarka. Bayan rasuwar mahaifinsa, wannan hannun kaɗai ya rage masa.

Ranar wata Talata mai duba makarantu ya zo daga ofishin ilimi, suna zaune ana shan gahawa, sai ga Malam Ja'afaru da sandarsa, ya zo neman a mayar da jikansa makarantar. Wallahi gwiwar Mukhtaru har ta fara lanƙwasa da kanta. Sai ya tuna wanda ke zaune gefensa. Ya gyara zama, ya miƙo hannu ta saman tebur, ya yi masa maraba da Larabci, ya kira shi Hajji, irin kiran da ake wa duk tsohon da ba a san sunansa ba.

Dattijon ya dubi hannun, bai karɓa ba. Ya koma bakin ƙofa a hankali, ya tuɓe takalmansa, ya dogara da sanda ya durƙusa, ana jin ƙarar ƙasusuwansa.

"Ranka ya daɗe, mudir. Kan takardar jikana na zo."

Baƙon ya yi murmushi ya tambayi ma'anar wannan gaisuwa. Mukhtaru, da bakinsa, ya ce ai al'adar mutanen nan ce. Mutanen nan fa! Ya sa hannu a takardar, gumi na karyo masa cikin sanyin na'ura, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Juma'a na zuwa ya nufi gidan Malam a Mansur bayan la'asar, ya tsara ban haƙuri iri-iri a hanya. Ya cire takalmi zai durƙusa, sai dattijon ya yunƙura ya miƙe tsaye, ya yi masa maraba da Larabci tsantsa, ya sa aka kawo kujerar roba.

"Malam, don Allah, ni ne Muntari."

"Na gane ka. Zauna, mudir ba ya zama a ƙasa."

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Mukhtaru ya zauna can sama, hannuwansa kan cinya, kowa na tabarma yana satar kallonsa. Shekara biyu ke nan bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, kuma kullum kafin ya iso an riga an fito masa da kujerar.