Inabin Baba da Daɓen Simintina

Mun fito daga gida a Magaria ranar Asabar ana idar da sallar asuba, ni da wani abokin aikina da muke koyarwa lakwal ɗaya. Masu tambayata me ya kai ni Guci alhali ba kasuwa na je ci ba, ba kuma gaisuwar mutuwa ba, ga amsarku. Yanzu ina iya ba da labarin ina dariya, amma ranar ban yi dariya ba.

A tsakar gidanmu akwai itaciyar inabi. Marigayi Baba ne ya dasa ta tun ina firamare, daga wani reshe da ya samo wurin abokinsa Malam Ilu, mai garka a bayan garin Guci. Ya yi mata rumfa, ta hau ta rufe, kuma a ƙarƙashinta Inna take shimfiɗa tabarma tun da ya rasu. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ba na ƙaunar ƙazanta. Ganye ɗaya ya faɗi ƙasa sai na ji kamar a kaina ya faɗi. Bana kafin damina na kira magina suka yi wa tsakar gidan daɓen siminti tas, aka bar wa inabin ɗan fili a gindi wanda bai fi faifai ba. Na yi ta yaba kaina. Da ganye ya fara yin rawaya sai na ce yunwa ce, na sayo takin zamani na juye mata cikin kwano guda a wannan ɗan filin. Kafin a gama yankan gero ganyen ya zube ƙaf, saura sanduna a kan rumfa.

Ban nemi shawarar Inna ba. Sai na yanke shawara ni kaɗai: zan je in samo sabon reshe daga inda Baba ya samo na farko, ƙanena kuma ya sare tsohuwar ranar Lahadi da safe, lokacin da Inna za ta tafi suna unguwar dangi. Ta dawo ta tarar an share wurin, ni kuma in iso da sabon dashe. A ganina dabara ce mai kyau.

A tasha muka karya da kunu da ƙosai na dala ashirin-ashirin, ƙosan da ya ƙanƙance har sai da na tambayi mai tuya ko waken ne ya yi tsada ko hannunta ne ya rame. Ta ce in je gona in tambayi waken. Motar Dungass ba ta tashi ba sai da rana ta fito, don direba ya rantse ba zai motsa ba sai ya ƙara mutum biyu a inda mutum ɗaya ma da ƙyar ya zauna. Sanyin safiya ya fara shigowa, kowa ya naɗe kai. Hanyar kuwa kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Abin da ya ɗebe mini kewa shi ne gonaki. An gama girbi, damman gero jingine ko'ina, ga gawo tsaye cikin kowace gona ya fara sabon ganye, shanu da awaki a ƙarƙashi suna kiwo. Tun ina yaro nake wuce itatuwan nan, ban taɓa tambayar kaina me ya sa geron gindinsu ya fi na sarari tsawo ba.

A Dungass muka sha shayi da burodi, muka shiga ciniki da ƴan kabu-kabu masu babura. Suka ce jika uku-uku, wai esans, wato fetur, ya hau, kuma rairayin hanyar yana shan mai. Abokina ya iya ciniki kamar dillalin shanu, ya sauko da su zuwa jika bibbiyu. Daga nan sai rairayi. Sau biyu muna sauka muna tura babur, ni da takalmina na zuwa aiki da na goge da safe. Mun wuce kwaruruka masu dabino da rake, wasu kuma fari fat da kanwa, ko ciyawa babu. A Guci muka yi azahar, muka tambayi gidan Malam Ilu mai inabi. Mutum uku suka nuna mana hanya uku, amma duk suka yarda cewa yana raye kuma bakinsa bai mutu ba.

Muka same shi a bakin garka yana gyaran darni, tsoho siriri mai farin gemu. Da na faɗi sunan Baba sai ya ajiye igiyar hannunsa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya yi masa addu'a, ya sa aka kawo fura da nono a ƙwarya, sannan ya ce mu shiga.

Ina shiga na tsaya cak. Layi-layi na rumfuna, kowace da itaciyar inabi a gindi, kuma babu ganye ko ɗaya. Sanduna tsirara, irin na gidanmu sak. Na ce a raina shi ke nan, ciwon ya zo har nan, na yi tafiyar banza. Ga ƙasan wurin kuma abin takaici ga mai hali irin nawa: karan gero, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, kashin tumaki, duk a baje. Tumakin ma suna ciki a ɗaure, suna cin sauran harawar waken da aka shuka tsakanin layuka. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi in ɗauki tsintsiya.

Na ce, "Malam, ashe ku ma naku sun mutu?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya mutu? Ni na tsige ganyen da hannuna. Barci suke."

Ya yi mana bayani muna tafe cikin layukan. Inabi, in ji shi, ba ya haihuwa sai ya huta. Da damina ta ɗauke yakan hana su ruwa na ɗan lokaci, ya tsige ganye, ya datse rassa ya bar ido biyu ko uku a kowane. Sanyi na shigowa ya sake su da ruwa, sai su farka da fure, ƴaƴa su nuna kafin zafin bazara ya dafa su. Ya tsuguna ya ɗaga karan geron da ke ƙasa ya ce in sa hannu. Rana tsaka, amma ƙasar da sanyi da laima, baƙa, tana wari irin na farkon ruwa. Ga gara tana ta aiki a ciki. Na ce ba ta cin itacen? Ya ce yana ja da karan baya kaɗan daga gindi, ita kuma in ta samu abin ci a ƙasa sai ta huda masa ramukan da ruwa zai bi, ba ta taɓa neman lada ba. Taki kuwa daga rami yake ɗiba, inda yake tara kashin dabbobi da toka da shara su ruɓe shekara guda. Ƙwari in sun matsa, ganyen dogon yaro yake jiƙawa ya yayyafa. Ya nuna mana kwarin maƙwabcinsa da aka yi ta zuba wa takin buhu ana sharewa ana ƙonewa har kanwa ta taso ta cinye shi.

Abokina, wanda ba ya rabuwa da kallon bidiyo a waya, ya ce ai ya ga Turawan ƙasashen sanyi masu noman inabi don yin giya, su ma yanzu sun koma sakin tumaki cikin layuka da barin ciyawa ta rufe ƙasa, har suna tinƙaho da abin kamar jiya aka gano shi. Can sanyi ne yake zubar musu da ganye, ba sai sun tsige ba. Malam Ilu ya ce, "Allah ya shirye su kan abin da suke matsewa. Amma tumakin, sun yi daidai."

Sai na ba shi labarin tamu, ban ɓoye komai ba, har da kwanon takin. Ya saurara yana girgiza kai.

"Ɗan Alhaji, ka toshe mata hanci, sannan ka ɗura mata gishiri. To, ka kankare ta?"

Ban gane ba. Ya kama wani reshe da ya yi kama da itacen hura wuta, ya sa farcen babban yatsa ya ɗan kankare ɓawon. Ciki kore shar, da danshi.

"Inabi mai shekara talatin ba ya mutuwa da damina ɗaya. Ka je ka fasa simintin, ka kwashe ƙasar sama, ka yi ta ba ta ruwa ya wanke gishirin. In ka ga kore, tana nan. Kada dai ka bari a taɓa gindin."

Nan take na tuna da gida. Gobe da safe ƙanena zai sa mata gatari, kuma ni na ba shi umarni, har da cewa ya tono saiwar. Na ciro waya, babu rezo, wato sabis, ko ɗigo. Aka nuna mini wani tudu bayan gari inda ake samu. Na hau ina haki, na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Layi ɗaya ya zo, na kira, wayar ƙanena a kashe. Na yi saƙon murya, ya tsaya yana juyawa, rezon ya tafi bai dawo ba. Ƴan kabu-kabun da suka kawo mu sun riga sun juya, na garin kuma suka ce ba mai shiga rairayin nan da magariba. Dole muka kwana. An yi mana tuwon gero da miyar kuka da man shanu, abokina ya ci har ya nemi ƙari, ni kuwa ban san ɗanɗanonsa ba.

Da sassafe Malam Ilu ya yanko mini rassa biyar, ya naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu, ya ƙi karɓar ko dala. Ya ce in gai da Inna, in ce mata mai garka yana nan yana yi wa Alhaji addu'a. Muka hau babura. Ban ga dabino ba, ban ga gawo ba, agogo kawai nake kallo. Kafin Dungass tayar babur ɗina ta yi faci, muka ɓata kusan awa guda. Muna shiga gari rezo ya dawo, na kira sau uku ba a ɗauka ba. Muna cikin motar Magaria sai ga hoto ya shigo daga ƙanena: tulin rassan inabi a ƙofar gidanmu, babu ko kalma ɗaya a ƙasa. Na kife wayar a cinya.

Mun iso ana kiran azahar. Na tsallake tulin rassan na shiga da sallama. Rumfa ta zama fili, rana har ƙasa. Amma gindin yana tsaye, da manyan rassansa biyu. Inna tana zaune a tabarma ta jingina da shi, da kayan zuwa suna a jikinta, mayafi da komai. Ƙanena yana can gefe a kan turmi, gatari a ƙasa, kamar wanda aka kama da satar kaza.

Ashe ta sama ya fara, don ya rage nauyi kafin ya sari gindin. Inna kuwa tun jiya ta gan shi yana wasa gatari. Ta fita kamar za ta suna, ta kai bakin titi ta juyo.

"Yaya, wallahi tun hantsi take nan," in ji shi. "Ta ce in zan sara, in fara da ita."

Ban tsaya gaisuwa ba, Allah ya yafe mini. Na durƙusa na sa farce na kankare ɓawon. Kore. Na duba inda ƙanena ya datse, bakin kowane reshe da ɗan danshi. Irin askin da Malam Ilu ya yi wa nasa, ƙanena ya yi wa tamu ba da saninsa ba, sai dai nasa ya fi muni. Na zauna daɓas a kan simintina, idona ya cika da ƙwalla ban damu da wanda ya gani ba.

Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, matsa." Ta nuna mini wata tsaga a bayan gindin, inda simintin ya fashe, baƙa da laima. "A nan ubanku yake alwala. Da ya tafi na karɓa. Sau biyar a rana take sha, ko da ka rufe ta ban fasa ba. Da ka tambaye ni, da na gaya maka ba ta mutu ba."

Da la'asar na aro guduma gidan maƙwabci. Simintin da na yi wata biyar ina nuna wa baƙi, da hannuna na farfasa shi taku uku ta kowane gefe. Muka kwashe ƙasar sama, muka yi ta kwarara ruwa, muka shimfiɗa karan gero da ɓawon gyaɗa. Rassan Malam Ilu na dasa su a bayan ɗaki, ko ba komai ta samu ƴan'uwa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Ba duk abin da ya zubar da ganye ne ya mutu ba, kuma abin da nake kira shara shi ƙasa take ci. Na sha rairayi kwana biyu don in koyi abin da farcena zai iya nuna mini a tsakar gidanmu, wanda kuma tsohuwar da nake gaisarwa kullum da safe ta riga ta sani.

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowarmu. Da asuba na ga ido uku sun fashe a reshen dama, ƙanana, jaja-jaja. Tsakar gida ta yi kaca-kaca da kara, kaji sai tono suke, ban taɓa tsintsiya ba. Na ɗauko buta na tsuguna a gindin zan yi alwala, Inna ta leƙo daga ɗaki ta dube ni, ta ce in matsa hagu kaɗan, can ne wurin Baba.